Keken tsere a garin da babu tudu: zaɓen taya, horon ɗaki da koyon hawa

Ranar da na fara kai kekena Jos wallahi na ɗauka na gama iya keke. Shekara biyu ina zaga Kano, asubar Asabar mu fita ta hanyar Zariya mu kai Kura mu dawo kafin rana ta yi zafi, kuma ba kasafai ake barina a baya ba. To a Jos hawa na biyu na sauka na kama tura keke, takalmina yana ƙwas-ƙwas a kwalta, wasu yara masu tallan dankali suna kallona, ɗaya a cikinsu ya ce "Baba, keken ya lalace ne?" Na ce masa eh. Ƙarya na yi, keken lafiyarsa ƙalau.

Da na dawo gida na zauna na yi lissafi sai na ga abu uku ne suka kayar da ni. Tayata siririya ce mai milimita 23 na cika ta da iska kamar dutse, giyata mafi sauƙi ta mutanen da suka fi ni ƙarfi ce, sannan ƙafata ba ta taɓa sanin abin da ake nufi da danna feda minti goma sha biyar ba tare da hutu ba, tunda a Kano ko ka ƙi ko ka so shataletale ko Adaidaita Sahu zai ba ka hutu. Ga kuma Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iskarta ba irin tamu ba ce. Duk ukun nan ana gyara su a nan cikin gari, kuma ta taya za a fara dan ita ce ta fi arha kuma ita ce ke taɓa ƙasa.

Taya: fara da karanta abin da aka rubuta a gefenta

Kafin ka je kasuwa ka tsuguna ka duba gefen tayar da ke kan kekenka. Za ka ga rubutu kamar 700x25C, kusa da shi kuma lamba kamar 25-622. Wannan ta biyun ita ce gaskiya: 25 faɗin taya ne a milimita, 622 kuma faɗin da'irar rim ɗin da za ta zauna a kai, daga gefe zuwa gefe. Ka rubuta ta a waya. Dalilin da ya sa nake nanatawa shi ne, a cikin kekunan Baljiyam da ake kawo mana akwai tsofaffi masu rim ɗin inci 27, lambarsu 630 ce, sannan ga keken baba irin su Phoenix da Raleigh mai lamba 635, kuma a ido duk kusan ɗaya suke. Mai shago zai ce maka "ai duk ɗaya ne yallaɓai, zai shiga". Ba zai shiga ba, ko kuma ya shiga ya fice a hanya, wanda ya fi muni.

Daga nan sai ka duba fili. Tayar da za ka saya dole ta bar aƙalla milimita 3 zuwa 4 tsakaninta da firam ta kowane gefe, da sama wajen birki. Hanyar gwadawa mai sauƙi, ka zura makullin alan mai lamba 4 tsakanin taya da ƙarfe, in ya wuce ba tare da ya goga ba to akwai fili. Keke mai birkin rim yawanci iyakarsa 28, wasu tsofaffin ma 25 ce ƙarshensu. Mai birkin disk na zamani yana cin 32 cikin sauƙi, wasu har fiye.

Ni shawarata a titunan Kano, ka sa mafi faɗin da kekenka zai ɗauka, 28 ko 32. Na san akwai masu cewa siririya ta fi gudu, nima da haka na yarda, dan in ka cika 23 da iska kana jin keken yana rawa a hannunka sai ka ɗauka gudu ne. Rawar nan asara ce. Duk tsakuwar da taya mai tauri ta taka sai ta ɗaga keke da kai gaba ɗaya, ƙarfinka ya tafi a girgiza, amma mai faɗi da iska daidai tana lanƙwasawa ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Ko manyan 'yan tseren Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, da suke hawa kwalta mai santsi sun bar 23 tuntuni, sun koma 25, yanzu 28 zuwa sama ake gani a ƙarƙashinsu. In su sun bari, kai da kake bin titin da aka yi wa faci a kan faci me kake jira?

Sai irin tayar. Akwai ta tsere mai laushi da rashin nauyi irin Continental GP5000, akwai kuma mai sulke a ciki irin Gatorskin ko Schwalbe Durano, ko Marathon in ba ka damu da nauyi ba. Ta tsere daɗin hawa gare ta ba ƙarya, amma ka tuna abin da ke gefen titinmu: fasasshiyar kwalba, ƙusa, siririyar wayar da ke fita daga tayar tirela da ta fashe wadda ko ganinta ba ka yi sai ta shiga, sannan in ka fita wajen gari ka ɗan sauka gefen kwalta ga tsidau yana jiranka. Tsidau guda ɗaya ya taɓa yi min huda uku a tub ɗaya. Dan haka ta yau da kullum mai sulke ce, in kuɗi ya ƙi a sa mai sulken a baya tunda can ne nauyi yake kuma can aka fi samun faci. Kenda, CST da Maxxis ma suna da masu kyau, ba sai mai tsada ba. Abin da zan ce ka kiyaye shi ne tayar gwanjo da ta daɗe a ajiye, ka lanƙwasa gefenta da hannu a cikin haske, in ka ga ƙananan tsaga kamar faso to ka ajiye musu kayansu ko da haƙoranta sabbi ne fil.

Maganar tub da tubles kuwa ga yadda na gan ta. Tubles, wato taya mara tub, yana da ruwan toshe huda a ciki, ƙaramar ƙaya ta shiga ya like da kansa ko tsayawa ba ka yi ba, kuma yana barinka ka rage iska ba tsoro. Amma sai rim da taya duk sun zama na tubles, kuma zafin bazararmu yana busar da ruwan da wuri, dole duk bayan wata biyu ko uku ka duba ka ƙara, ga shi ba a kowane shago ake samunsa ba. Wanda bai son wahala ya zauna a kan tub na roba na yau da kullum, kowane mai faci a bakin titi ya san shi. Ni a kan tub nake har yanzu, ina tafiya da sabo guda biyu a aljihu, da faci da sholisho da ƙarfen cire taya na roba.

Iska, inda kowa ke kuskure

Lambar da aka rubuta a gefen taya, misali 120 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, iyaka ce ba umarni ba. Mutum mai nauyin kilo 70 zai iya farawa da wajen 80 zuwa 85 a taya 25, wajen 65 zuwa 75 a 28, wajen 50 zuwa 60 a 32, ta gaba a rage mata kamar 4 ko 5 tunda baya ta fi ɗaukar kaya. In ka fi haka nauyi ka ƙara, in ba ka kai ba ka rage. Daga nan sai gwaji: ka zaɓi titi guda da ka sani, kowace fita ka rage 3, har ranar da ka ji tayar tana lilo a kwana ko ka ji rim ya kusa dukan bakin rami, sai ka koma baya mataki ɗaya, ka samu lambarka kenan. In rim ɗinka irin sabon nan ne mara ƙugiya a baki, kar ka wuce 72 ko me aka ce maka.

Ka sayi famfo na tsaye mai geji, wannan ba almubazzaranci ba ne. Matsa taya da babban yatsa ba ya gaya maka komai. Kuma kar ka bar keke a rana da taya cike, iskar da ka sa da sanyin asuba in tayar ta gasu a rana tana iya hawa da kusan 8 zuwa 10, shi ya sa wani lokaci kana zaune a inuwa kana shan shayi sai ka ji tau! kamar bindiga. Sannan bawul ɗin keken tsere siriri ne, Presta ake ce masa, bakin injin mai faci kuma na bawul ɗin mota ne, dan haka ka nemi ɗan ƙaramin adafta na tagulla ka ɗaure shi a jikin makullinka. In za a sa maka iska da inji ka tsaya a kai, dan tayar keke cikinta kaɗan ne, kafin ka ce "ya isa" ta wuce.

Wajen ɗaura sabuwar taya ka fara duba zirin roba da ke rufe ramukan sifoka a cikin rim, in ya goce shi zai dinga huda maka tub ta ciki kana zagin titi. Ka sa gefe ɗaya na taya, ka ɗan hura tub ya yi siffa, ka zura shi, ka rufe ɗaya gefen da hannu kana ƙarewa a wajen bawul, sannan ka bi zagaye kana matsa tayar kana leƙawa ko tub ya maƙale a ƙarƙashin baki. Ka daidaita rubutun taya da bawul, amfaninsa ranar da ka yi faci za ka san daidai inda za ka nemi ƙayar. Kuma ka karanta hudar: rami ɗaya a sama abu ne ya shiga, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka same shi. Ramuka biyu a jere kamar saran maciji kuwa rim ne ya cije tub, wato iska ta yi kaɗan ko ka faɗa rami da ƙarfi.

Horon ɗaki

Da farko raina shi na yi, na ce mutum ya zauna yana tuƙa keke ba ya zuwa ko'ina kamar jakin rijiya. Amma ka duba shekararmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙarfe tara na safe an gama da kai. Da hunturu akwai ranakun da hazo ke rufe gari har ba ka ganin fitilar mota, ga ƙura a ƙirji. Da damina ruwa ya cika ramuka ba ka san mai zurfi ba. Sannan babban dalili, a ɗaki ne kaɗai za ka samu minti ashirin kana dannawa ba wanda ya sha gabanka, kuma abin da tudu ke nema kenan.

Tirena, wato na'urar da ake ɗora keke a kai a tuƙa shi a wuri ɗaya, kala uku ce. Akwai wadda ake maƙala tayar baya tana gogar wani ƙarfe mai maganaɗisu ko mai, ita ce mai arha kuma ita ake yawan samu a kayan Baljiyam, ba ta buƙatar wuta. Akwai wadda ake cire wilin baya gaba ɗaya a ɗora kaca a kanta, irin su Wahoo Kickr da Tacx da Elite, tana auna ƙarfinka da wat kuma tana haɗuwa da manhajoji irin Zwift, wanda ake biya duk wata, ko MyWhoosh da yake kyauta, sai dai yawancinsu suna son wuta da intanet mai ƙarfi, kuma ka san halin da ake ciki, kana tsakiyar hawa sai a ɗauke. Ta uku ita ce rola, gangunan nan uku da ake hawa ba a ɗaure ba, tana koyar da daidaito amma ba ita ce ta koyon tudu ba. Mai farawa ta farkon ta ishe shi har shekaru.

In ita ka samu, kar ka sa mata tayarka mai kyau, tana cinye taya kamar me, tsohuwar da ka cire ita ce ta wannan aikin. Ka yi amfani da sandar wili ta ƙarfe da ta zo da ita, ka ɗaure har keken ya daina motsi, ka matsa ƙarfen a jikin taya daidai yadda in ka danna da ƙarfi ba za ta zame ba. Tayar gaba ka ɗora ta a kan katako keken ya daidaita, ranar horon tudu ka ƙara katako ɗaya gaba ya ɗan ɗaga, bayanka da hannunka su saba da zaman hawa.

Yanzu abin da ya fi tirenar kanta muhimmanci: fanka. Jikin mutum a kan keke kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama, a titi iska ce ke kwashe shi, a ɗaki babu mai kwashewa. Ranar farko na yi ba fanka a ɗakin soro, minti ashirin na ga duhu-duhu, tabarmar ta jiƙe kamar an yi wanki a kai, maiɗakina ta leƙo ta ce "Malam, wai dole ne?" Ka sa fanka ta tsaye a gabanka tana dukan ƙirji da fuska, mai caji ta fi dan kar ka dogara da wuta. Ta sama ba ta isa. In da hali ka fito tsakar gida ko baranda bayan asuba. Ka shimfiɗa tawul a kan hannun keke da firam, domin gishirin gumi yana cin ƙarfe da kusoshi, in ka gama ka goge.

Ruwa kuma kar ka yi hasashe, ka hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi da ba ka mayar ba. In zaman ya kai awa ɗaya ka sa gishiri a ciki, haɗin nan da aka sani na lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri yana aiki, ko ka sassauta shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ƙirjinsa ke masa ciwo in ya motsa, dan Allah ya ga likita kafin ya fara wannan harkar.

Yadda za ka auna ƙarfi in ba ka da na'ura: bakinka. In kana iya hira cikakkiya to sauƙi kake yi. In jimla gajera kawai ke fita, kalma huɗu biyar sai numfashi, to nan ne wajen da ake gina mai hawa. In kalma ɗaya ma da ƙyar, ka wuce gona da iri, minti kaɗan za ka yi a nan. Mai tirena mai auna wat zai iya yin gwajin minti 20 iya ƙarfinsa ya ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin abin da ya samu, lambar da ake kira FTP kenan, wato kusan abin da zai iya riƙewa na awa ɗaya.

Zama biyu masu nauyi a sati sun isa, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Na farko, ɗumama jiki minti 10 zuwa 15, sannan minti 8 a matakin gajeriyar jimla, hutu minti 4 kana juyawa a hankali, sau uku. Sati na biyu ka mayar da su minti 10, na uku 12, na huɗu ka rage komai jiki ya huta, daga nan ka ci gaba har ka kai minti 20 sau biyu. Ranar da ka yi 20 sau biyu ba tare da ka faɗi a ƙarshe ba, akwai tudu da yawa a ƙasar nan da ba za su sauke ka ba. Zama na biyu na ƙarfin cinya ne, giya mai nauyi, feda tana juyawa sau 55 zuwa 65 a minti, kana zaune daram ba ka rawa da kafaɗa, minti 5 sau huɗu ko biyar. Ka ƙirga juyin da agogo, sau nawa gwiwar dama ta zo sama a daƙiƙa 15 sai ka ninka da huɗu. In gwiwa ta fara ciwo ka tsaya ka duba tsayin sirdi, yawancinmu a ƙasa muke barinsa. Sauran kwanakin hawa mai sauƙi ne, da fita mai tsawo ta ƙarshen sati. Da azumi ni mai nauyin bayan tarawi nake yi, kuma ina rage shi, kafin shan ruwa sai dai juyi mai sauƙi na rabin awa in ma za a yi.

Tudun kansa

In an ce hawa kashi 6 ne, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga mita 6. Tudun Alpe d'Huez da ake ta magana a Faransa kilomita 13.8 ne a kan kusan kashi 8, da kwana 21. A shekarar 2025 da aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karon farko a Afirka, wanda ya kalla ya ga yadda tudun Ruwanda ya tarwatsa manyan 'yan tsere har zakaran gasar, Pogačar, ya isa shi kaɗai. Mu a nan Dala da Goron Dutse ne duwatsunmu, kuma Dala matakala ce, sai dai ka hau da ƙafa, wanda shi ma ba laifi ga cinya.

A kan tudu nauyi ne ke magana, kai da keke da ruwanka duka. Amma kar wannan ya sa ka zuba kuɗi a kan kayan kabon marasa nauyi. Mutum da kekensa in sun kai kilo 85, rage kilo ɗaya a hawan minti 20 abin da zai ba shi bai wuce kamar daƙiƙa 13 ba. Giya ce ke sauke mutum daga keke. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban sifaket na baya. Tsofaffin kekunan da ake kawo mana da yawa 42 ko 39 ne a gaba, 23 ko 25 a baya. Da 39 da 25, juyin feda ɗaya yana tura ka mita 3.3. Da 34 a gaba da 32 a baya, mita 2.3 ne. Ma'ana a gudun kilomita 11 a awa, mai 34 da 32 yana juyawa sau 80 a minti cikin nutsuwa, kai kuma mai 39 da 25 kana niƙa sau 55 kamar mai murza dutsen niƙa, cinya ta cika ta ɗaure. Dan haka kafin ka nufi tudu ka nemi faranti 50 da 34, da sifaket mai kaiwa 30 ko 32 ko 34, sai dai ka sa makanikin keke ya duba ko abin canja giyar baya zai ɗauka, mai gajeren hannu sau da yawa iyakarsa 28 ko 30, kuma ƙila a ƙara tsayin kaca.

Wajen gwaji a gari, gadojin sama ne da na ƙasa, irin ta Ƙofar Nasarawa ko fitowa daga ta Gadon Ƙaya ko Kabuga. Hawansu gajere ne, bai kai minti ɗaya ba, amma ya isa ka koyi canja giya da tashi tsaye. Sharaɗi: da sassafe bayan an idar da sallah kafin motoci su fito, ranar Asabar ko Lahadi, da hular kwano da jar fitila a baya, ka riƙe hannun dama, ka kula da yashin da ke taruwa a gefe da kuma mahaɗar ƙarfen gada, ka tsallake ta a miƙe. In gari ya waye an fara cunkoso ka haƙura, ba abin da za ka koya da ya kai ranka.

Abu na biyu da Allah ya hore mana kyauta shi ne iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, to ka fita ta hanyar Haɗeja wajen Gezawa ranar da babu hazo mai yawa, za ka ji kamar an riƙe maka sirdi ta baya. Ka zauna a giya mai ɗan nauyi ka riƙe minti 15 zuwa 20, tudun talaka kenan, dawowa kuma iskar ta turo ka gida. In kana son ƙasa mai hawa da sauka ta gaske sai ka yi kudu, wajen Rano da Tiga, in ka ƙara gaba Tudun Wada da Doguwa har Riruwai duwatsu ne sosai, amma can a tafi cikin ayari kuma a tambayi mutanen gari lafiyar hanya tukuna.

Ranar hawan, ka sauke giya tun kafin tudun ya kama ka, dan in kaca ta riga ta ɗaure kana canjawa za ka ji ƙarar da ba ka so, wani lokaci ta tsinke. In dole ka canja a tsakiya ka ɗan sassauta ƙafa na rabin juyi. Hannu a saman kan keke, gwiwar hannu a sake, ka ɗan ja baya a sirdi, ka fitar da numfashi sosai, shigarsa zai zo da kansa. Kashi ɗaya cikin uku na farkon hawa ka yi shi kamar kana jin kunyar gudu, ka bar masu zafin kai su wuce, a Jos ni ne mai zafin kan kuma na faɗa maka yadda ta ƙare. Tsakiya ka riƙe matakin gajeriyar jimlar nan da ka saba da shi a ɗaki, juyi 70 zuwa 85. Abin da ya rage a jikinka sai ka hango ƙarshe ka kashe shi. Tashi tsaye yana cin numfashi fiye da zama, ka yi shi daƙiƙa 15 zuwa 20 dan baya ya huta ko inda hawan ya yi tsini, ka ƙara giya ɗaya ko biyu kafin ka tashi, ka mayar in ka zauna. Ka ci dabino ko ayaba minti 15 kafin babban hawa, a tsakiyarsa ba za ka iya taunawa ba.

Duk abin da ka hau kuma sai ka gangaro shi, kuma mu 'yan Kano ba mu san gangara ba sam. Hannu a ƙasan lanƙwasar kan keke inda birki ya fi kamuwa, yatsa biyu a kai, ka rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba, fedar waje tana ƙasa ka danna nauyinka a kanta, idonka a inda za ka fita. Birkin gaba shi ne mai tsayarwa amma a matsa shi a hankali, nauyi a baya. A gangara mai tsawo kar ka riƙe birki ɗaf tun daga sama har ƙasa in na rim ne, rim ɗin yana zafi har tub ya fashe, ka matsa ka saki, ka matsa ka saki, in ka ji shakka ka tsaya ka taɓa rim ɗin da bayan hannu, in yana ƙuna ka jira ya huce. Akuya kuma ba ta da sigina, a ƙauyukan hanyar Tiga duk inda ka ga ɗaya ta tsallaka ka kama birki, 'ya'yanta biyu suna bayanta.